Sharhi Kan Garejin da Ya Gyara Sitiyarin Tsohuwar Marsandi W123 a Kano

Wannan sharhi ne a kan aikin wani ƙaramin gareji da ke yankin Ƙofar Ruwa a birnin Kano, wanda mai shi ya taƙaita sana'arsa a kan sitiyari da ƙafar mota, ba ya kuma karɓar aikin inji ko na giya ko da an roƙe shi. Motar da na kai masa Mercedes-Benz 230E ce ƙirar 1983, daga jerin Marsandin da kamfanin ke kira W123, kuma an riga an gama farfaɗo da ita a wani wuri daban: an gyara jiki, an yi fenti, an ɗinke kujeru, an kuma sauke inji an gyara shi. Abin da ya rage shi ne sitiyarinta mai aiki da ƙarfin mai, wanda makanikai ke kira fawa-sitiyari, domin bai taɓa zama daidai ba tun lokacin da motar ta koma kan titi. Hukuncina shi ne garejin ya cancanci a kai masa irin wannan aiki, kuma dalilin guda ne: a wurin ana auna abu kafin a yanke cewa ya mutu. Sai dai akwai abubuwan da mai mota zai haƙura da su, waɗanda zan zo kansu a gaba, kuma wasunsu ba ƙanana ba ne.

An ƙera W123 daga 1976 zuwa farkon 1986, an fitar da kusan guda miliyan 2.7, kuma daga watan Satumba na 1982 ne kamfanin ya mayar da fawa-sitiyari abin da ke zuwa da kowace mota a jerin, bayan a da sai mai saye ya ƙara kuɗi kafin a sa masa a ƙananan samfurori. Tsarin bai yi kama da na motocin yanzu ba, waɗanda akasarinsu ke amfani da dogon ƙarfe mai haƙora da ake kira rak. A W123 akwatin sitiyari ne aka ɗaure a jikin shasi da notuna uku, a cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa tsakanin wata sanda mai zare da babban notin da ke tafiya a kanta. Daga ƙasan akwatin wani hannun ƙarfe ke fitowa ya ja sandar tsakiya, a ɗaya gefen motar kuma akwai hannu na biyu wanda ba ya ja, riƙe sandar kawai yake yi yana juyawa a kan bushi, wato zoben da ke riƙe shi a mazauninsa, sannan tayarod biyu su kai motsin ga tayoyi. Akwai kuma ƙaramar shokozoba a kwance, wadda ke shanye girgizar hanya kafin ta iso hannun direba. Famfon mai yana gaban inji, bel ne ke juya shi, tankin mansa a haɗe yake da shi, a cikin tankin kuma akwai filta wadda masu motar da yawa ba su ma san da zamanta ba. Duk waɗannan wurare matsala na iya fitowa daga cikinsu, famfo kuwa ɗaya ne kawai a cikin jerin, ko da yake shi ake fara zargi saboda shi ne mai ƙara.

Alamomin da motar ke nunawa ba su yi kama da masu tushe ɗaya ba. Da safe, musamman a sanyin hunturu, da zarar an tayar da inji aka murɗa sitiyari sai a ji gurnani daga wajen famfo, wanda ke raguwa idan motar ta ɗumama amma ba ya ɓacewa. Wajen yin fakin sitiyarin kan yi nauyi na ɗan lokaci sannan ya saki kwatsam, wani lokaci tare da ƙarar bel. Ana kuma samun ɗigon mai a ƙasa ta ɓangaren direba duk inda motar ta kwana. Abin da ya fi damuna shi ne bayan an sha kwana sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa sai an mayar da shi da hannu, amma duk da wannan tauri, a kan miƙaƙƙiyar hanya irin ta Zariya motar tana yawo hagu da dama, direba bai isa ya huta da gyara mata tafiya ba. Tauri da lilo (wato motsin da sitiyari ke yi a banza kafin tayoyi su amsa) a sitiyari ɗaya abu ne da ya kamata ya sa makanike ya tsaya ya yi tunani, domin a al'ada idan ɗaya ya ƙaru ɗayan raguwa yake yi.

Makanikan da suka duba ta kafin wannan gareji duk bakinsu ya zo ɗaya: a sayo famfo ɗan Beljiyam, idan bai yi ba a sayo akwati. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda haka aka saba aiki a yawancin garejojinmu, inda canza kaya ya fi bincike sauƙi, ya kuma fi saurin kawo kuɗi. Amma famfo ɗan Beljiyam na motar da aka daina ƙerawa tun 1986 shi ma tsoho ne mai shekaru kusan arba'in ko fiye, robobinsa sun bushe kamar na wanda ake son cirewa, kuma mai shago ba shi da hanyar tabbatar da lafiyarsa face ya juya fulinsa da hannu ya ce lafiya lau.

Abin da ya fara burge ni a garejin shi ne maigidan, wanda yaransa ke kira Oga, bai buɗe bonet da farko ba. Ya fara da tambayoyi: wane mai aka zuba, ko an taɓa akwatin lokacin farfaɗo da motar, ko an canza girman tayoyi, da kuma ko gurnanin ya fi yawa da inji sanyi ne ko da zafi. Bayan haka ya auna iskar tayoyin gaba, ya same ta ƙasa da yadda ya kamata, ya kuma nuna mini cewa tayoyin da aka sa sun fi na asali faɗi. Irin wannan 230E ta fito ne da taya mai faɗin milimita 175 a kan ƙafa mai inci 14, kuma duk ƙarin faɗi ƙarin nauyi ne a kan famfo da akwati lokacin da mota ke tsaye ana murɗa sitiyari. Bai ce tayoyin ne tushen matsalar ba, ya dai ce a sa su a lissafi. Daga nan ya sa yaro ya zauna a kujerar direba da inji a kunne, tayoyi a miƙe, yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa bi da bi. Iyakar lilon da aka yarda da shi a wannan mota kusan milimita 25 ne a gefen da'irar sitiyari kafin tayoyi su fara motsi, tawa kuma ta zarce haka. Ya gano cewa lilon ba daga cikin akwati yake fitowa ba. Bushin hannu na biyu ya cinye har hannun yana hawa yana sauka, robar mahaɗar da ke tsakanin sandar sitiyari da akwati ta tsattsage, sannan kan tayarod ɗaya ya saki. Ya kira ni na sunkuya na ga motsin da idona, abin da nake ganin kowane makanike ya kamata ya riƙa yi wa mai mota.

Ya kuma goge wurin da akwatin ke ɗaure a jikin shasi ya haska shi da fitila. An san tsofaffin motocin wannan jeri da tsagewar ƙarfe a daidai notunan nan uku, musamman idan tsatsa ta ci wurin, kuma sabon fenti kan ɓoye tsagar. Nawa lafiya yake, amma duba shi da aka yi ba tare da na nema ba ya nuna mini cewa mutumin ya san motar, ba sitiyari kawai ba.

Sai a lokacin ya zo kan mai. Da aka buɗe murfin tankin da inji a kunne, man yana ƙasa da alama, ya yi kumfa, launinsa ya koma kamar shayi mai madara, yana kuma warin ƙuna. Bayaninsa a nan ya gamsar da ni. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya ɗaukar ƙarfi daga famfo zuwa akwati, iska kuwa tana matsuwa, don haka idan mai ya ragu har famfo ya fara zuƙar iska, ƙarfin da ya kamata ya tura fistan da ke cikin akwati, wanda ke sauƙaƙa wa direba murɗa sitiyari, sai ya tafi wajen matse kumfa. Wannan shi ke haifar da gurnani, shi ke kuma sa sitiyari ya yi nauyi ya saki. Da safe abin ya fi tsanani domin man ya fi kauri, ba ya saurin komawa tanki. Man kuma yana raguwa ne saboda yoyo a wurare uku: tiyon da ke mayar da mai tanki, wanda ya bushe ya tsattsage a ƙarƙashin baƙin fentin da aka fesa masa don ya yi kama da sabo, oyil-sil (robar da ke hana mai yoyo) ɗin gaban famfo, da kuma oyil-sil ɗin ƙasan akwati inda hannun ƙarfe ke fitowa. Bai nuna waɗannan wurare da ka ba. Ya sa an wanke ɓangaren gaba ɗaya, an bar shi ya bushe, sannan aka tayar da inji aka murɗa sitiyari ana kallon inda danshi zai fara bayyana, domin man da ke yoyo daga sama yakan gangaro ya jiƙa abin da ke ƙasa, har a zargi abin da ba shi da laifi.

Filtar da ke cikin tanki ta toshe da baƙin datti, kuma ga dukkan alamu ba a taɓa ta ba lokacin farfaɗo da motar. Bel ɗin kuwa sabo ne, amma ya fi na asali siranta, ya nutse cikin fuli har yana taɓa ƙasan ramin maimakon ya kama gefe da gefe, gefensa kuma ya yi sheƙi saboda santsi. Irin wannan bel ko an ɗaure shi tamau ba zai daina zamewa ba, kuma ɗaure shi fiye da kima shi ke kashe abin da sandar famfo ke juyawa a kai, ya kuma lalata oyil-sil ɗin gaba.

Gwajin da ya raba wannan gareji da sauran shi ne na ƙarfin turin mai. Yana da geji mai bawul wanda ake haɗawa tsakanin famfo da babban tiyo mai kai mai akwati. Kafin gwajin ya canza bel, ya ƙara mai, ya fitar da iska, domin a cewarsa famfon da ke shan kumfa ko wanda bel ɗinsa ke zamewa zai faɗi gwaji ko da lafiyarsa ƙalau. Gwajin kashi biyu ne. A na farko ana rufe bawul na daƙiƙoƙi kaɗan, ta yadda famfo zai tura mai ya rasa hanyar wucewa, sai allurar geji ta nuna iyakar ƙarfinsa, a kwatanta da lambar da ke rubuce a jikin famfon. Ba a daɗewa a rufe, domin man yana zafi nan da nan, kuma famfo na iya ƙonewa. A na biyu ana buɗe bawul a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, nan ma na ɗan lokaci. Idan famfo ya kai lambarsa a gwajin farko amma ƙarfin ya faɗi a na biyu, to mai yana zurarewa ne a cikin akwati ta gefen fistan ko ta bawul ɗinsa. Idan kuma tun a gwajin farko bai kai ba, laifin na famfo ne ko na ƙaramin bawul ɗin da ke daidaita ƙarfinsa, wanda datti kan maƙale. A motata allurar ta kai lambar a gwajin farko, ta kuma tsaya kusa da ita a na biyu ta ɓangarorin biyu. Famfon da aka ce in jefar lafiyarsa lau, abin da yake buƙata oyil-sil ne da robobin murfi, cikin akwatin ma bai lalace ba. Gejin nan ba kayan aiki ne mai tsadar da ta fi ƙarfin gareji ba, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika ganinsa a hannun masu gyaran sitiyari ba.

Saura batun ƙin komawa tsakiya, kuma a nan ne aka gano ɓarnar da ta fi kowace haɗari. A saman akwatin sitiyarin akwai wani noti na daidaitawa mai makulli, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin haƙoran ciki. A akwatunan Marsandi irin wannan, saɓanin yadda hankali zai ɗauka, warware notin ne zuwa hagu ke rage lilo, ba ɗaure shi ba. Wanda ya taɓa motar a baya ya san wannan, amma ya yi amfani da shi a inda bai dace ba: ya ji lilo a sitiyari, bai nemi inda yake fitowa ba, sai ya yi ta matse akwati. Lilon bai tafi ba tunda daga bushi da mahaɗa da tayarod yake, akwatin kuma ya ɗaure har ƙafar mota ba ta iya mayar da tayoyi tsakiya bayan kwana. Wannan ne ya haɗa tauri da yawo a mota ɗaya. Haƙoran da aka matse haka suna cin junansu a hankali, kuma akwatin da ya ɗaure na iya cijewa a daidai lokacin da direba ke buƙatar ya saki. Maigidan ya ƙi daidaita notin a kan mota da ji na hannu kamar yadda aka saba. Ya sauke akwatin, tunda ko yaya sai an canza oyil-sil ɗin ƙasa, ya daidaita shi a kan benci yana auna nauyin juyawarsa yayin da yake ratsa tsakiya, inda ya kamata a ji ɗan ƙarin riƙo kaɗan, sannan ya saki zuwa gefe biyu. Wajen mayarwa ya yi amfani da wani noti mai tsini da ake ɗaurawa ta wata kafa a jikin akwatin don kulle shi a tsakiya, ya daidaita alamar da ke jikin hannun ƙarfe da ta sandar, sannan ya miƙe sitiyari. Da yawa ba sa yin haka, sai su cire kan sitiyari su mayar a karkace don ya yi kama da miƙaƙƙe, a ƙarshe mota ta fi shan kwana ta gefe ɗaya.

Game da kaya, shawararsa ita ce a sayi sabbin robobi da oyil-sil a gyara famfo da akwatin asali, kada a sayi tsofaffin da ba a san tarihinsu ba. Ya kuma ja kunnena a kan wani tarko da ke cikin kasuwar kayan Beljiyam. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, amma a cikin kayan da ake shigowa da su akwai waɗanda aka ciro daga motocin Ingila masu sitiyari a dama, akwatinsu kuma ba ya shiga tamu duk da cewa a ido kusan iri ɗaya ne. Babban tiyo, mai ɗaukar ƙarfin famfo, bai yarda a ɗaure shi da kilif irin na tiyon ruwa ba, sai da aka kai shi wurin masu matse tiyon manyan injuna aka yi masa sabuwar roba a kan kawunansa na asali.

An wanke tsarin ta hanyar cire tiyon dawowa a sa shi cikin galan, a toshe bakin tanki, ana zuba sabon mai ana murɗa sitiyari da tayoyin gaba a sama a kan jak, har man da ke fita ya zama kalar wanda ke shiga. Dukan man da tsarin ke ɗauka bai kai lita biyu ba, amma wankin ya ci fiye da haka, kuma bai yi tsumulmularsa ba. Wajen fitar da iska ya fara da inji a kashe, ana kai sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali ana ƙara mai, sai da kumfa ta daina tasowa sannan aka tayar da inji. Man da ya zuba jan man giyar otomatik ne, irin wanda aka tsara wa motocin wancan zamani, kuma kamfanin yana da nasa man sitiyari mai lambar amincewa 236.3 ga wanda ya samu. Ya hana a zuba koren man da wasu sababbin motocin Turai ke amfani da shi, ya kuma fi tsananta hani a kan man birki, wanda wasu ke ƙarawa idan sun ga tanki ya yi ƙasa, alhali yana kumbura robobin da aka yi don man ma'adinai har su ruɓe. Ruwan da ake sayarwa a kwalba da sunan maganin yoyo shi ma bai yarda da shi ba, domin tausasa roba yake yi ta kumbura ta toshe yoyon na ɗan lokaci, daga baya ta saki gaba ɗaya.

Yanzu ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko shi ne lokaci. Ranar da aka yi mini alƙawari ta wuce da nisa kafin motar ta fito, kuma ba a kira ni an sanar da ni ba sai da na bi sawu. Wani ɓangare na jinkirin daga neman kaya ne, wanda ba laifinsu ba ne, amma wani ɓangaren daga karɓar aiki fiye da hannayen da ke wurin ne, tunda maigidan ba ya barin kowa ya buɗe akwati ko famfo sai shi. Na biyu, ba a ba da takardar lissafi. An faɗa mini kuɗin aiki da baki, an nuna mini tsofaffin kayan da aka cire a cikin kwali, wanda abu ne mai kyau, amma mai tsohuwar mota yana buƙatar rubutaccen tarihin abin da aka canza da ranar da aka canza shi, ko don makaniken da zai taɓa ta nan gaba, ko don ranar sayarwa. Sai da na zauna na rubuta da kaina yana faɗa mini.

Na uku, ba su da na'urar alaimen. Bayan an canza tayarod da bushi dole a daidaita tsayuwar tayoyi, har da kusurwar da ke taimaka wa sitiyari komawa tsakiya, su kuwa da igiya da tef suka yi awon wucin gadi suka tura ni wani wuri. Sun faɗa mini gaskiya cewa awon nasu na isa wurin na'ura ne kawai, amma garejin da ya ƙware a kan sitiyari ya kamata aikin ya ƙare a hannunsa, domin idan aka samu saɓani daga baya kowane ɓangare zai ɗora wa ɗayan. Na huɗu shi ne tsabta, wadda ta rabu biyu. Ɗakin da ake buɗe famfo da akwati a rufe yake, bencin a share, kuma hakan yana da muhimmanci a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, tunda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul. Amma filin da motoci ke tsayawa ba shi da rumfa isasshiya, yaran ba sa rufe kujera ko gefen mota kafin su jingina, kuma na tarar da shatin hannu mai maiƙo a kan sabon ɗinkin ƙofa. Tsohon man da aka fitar kuwa a ƙasa na ga an zubar da wani daga cikinsa a bayan gareji. Duk wanda zai kai motar da ya kashe wa kuɗi a fenti da kujeru, ya tafi da mayafin rufe ta da tsofaffin zannuwa, ya kuma faɗa musu tun farko.

Kuɗin aikinsa ya fi na makanikan bakin titi sosai, kuma yana karɓar kuɗin bincike daban ko da mai mota ya fasa gyara, abin da na ji wasu na gunaguni a kai. Ni ina ganin daidai ne, domin binciken shi ne ainihin abin da ake saye a wurin. Idan aka haɗa kuɗin aiki da na robobi, tiyo, bel, filta, bushi, mahaɗa, tayarod da mai, jimillar ba ta kai farashin da aka yi mini na famfo da akwati 'yan Beljiyam ba, waɗanda da na saye su da lilon yana nan, tunda ba a cikinsu yake ba.

Tun bayan gyaran gurnanin safe ya ɗauke, ƙasan motar a bushe yake kwana, man da ke tanki yana nan ja a kan alamarsa, sitiyarin kuma yana zamewa ya koma tsakiya bayan kwana ba tare da an taimaka masa ba. Akwai ɗan laushi a tsakiyar sitiyarin wanda bai kai iyakar milimita 25 ba, kuma maigidan ya ƙi rage shi da na nema, yana mai cewa haka akwatin wannan mota yake, wanda ya saba da motar zamani mai rak ne kawai zai ɗauke shi aibi. Ya nemi in dawo da motar bayan ta ɗan yi tafiya, ya sake duba ɗaurin bel, domin sabon bel yakan miƙe, ya duba notunan akwati da bakin tiyo, bai kuma karɓi komai a kan wannan ba. Abu ɗaya da ya rage shi ne ƙaramar shokozobar sitiyari, wadda ta yi laushi har ana jin bugun ramuka a hannu. Waɗanda ya samu a kasuwa a lokacin ya matsa su da hannu ya ga ba su da riƙo, ya ƙi sa su, don haka tsohuwar ce a jikin motar har zuwa lokacin da za a samo ta kirki, sannan a mayar da tayoyin gaba da na baya zuwa faɗin 175 idan waɗanda ke kai suka cinye.